Sandar Anten ta Gidan Inna Yalwa

Ranar Asabar, da zarar inuwar katanga ta sauko bakin rariya, Lidiya takan fito da tsohuwar ordinatar ɗin yayanta, kwamfutar nan ta cinya, ta ɗora a kan teburin cin abinci. Takan goge allon da gefen zanenta, ta jona kuran, wato wutar lantarki, sannan ta buɗe wani gwangwanin madara ta ciro kilen. Ɗan abu ne baƙi, bai fi babban yatsa tsawo ba, yana da baki ɗaya da ake sokawa a jikin ordinatar, da wani bakin inda wayar anten, wato eriya, ke shiga. Ko sunan kamfani babu a jikinsa. In ta gama sai ta jingina portabul ɗinta, wayarta ta hannu, da kwanon sukari, ta zauna hannuwa a tsakanin gwiwoyi, kamar mai jiran a kira sunanta a ɗakin jarrabawa.

Natanayel take jira. Yayanta ne, yana Kanada yana karatu, kuma ba don wannan ɗan baƙin abu ba, da babu mai jin muryarsa a gidan.

Shi ya sayo kilen a kasuwar Katako, shekarar da aka sauya yadda ake watsa tele a Yamai, tsohuwar telensu mai ƙatuwar ƙeya ta koma nuna yayyafi. Ya ce wa babansu, Malam Elisha, kada ya damu, wannan abu zai mai da ordinatar ta zama tele, kokowar bana a kan cinyarsa zai kalle ta. Baba ya yi dariya, ya ce shi dai in 'yan Doso za su kayar da 'yan Yamai, ko a bayan cokali aka nuna zai kalla. Amma da aka soka kilen, ordinatar ba ta ma san da zuwansa ba. Natanayel ya yi ta fama har ranar tafiyarsa ta zo, ya ce zai ƙarasa daga can. A damina ta biyu bayan tafiyarsa, Baba ya rasu. Takardun zaman Natanayel suna hannun hukuma ana sabunta su, in ya fito ba zai iya komawa ba. Aka kai Baba Dogondutsi aka binne shi, babu ɗansa namiji a bakin kabari.

Babu wanda ya ce masa ya yi laifi. Mahaifiyarsu, Inna Yalwa, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya kafin ta ajiye, da bakinta ta ce a gaya masa ya zauna ya yi karatunsa. Duk da haka tun daga lokacin ya daina kira. Saƙo dai yakan faɗo jefi-jefi, gajere kamar an gutsure shi: lafiya lau, ana sanyi, a gaida Inna. In an kira shi kuwa, sai ya ce yana aji.

Sai wata rana, ba zato, ya rubuto wa Lidiya: "Kilen nan na Baba yana nan?"

A kiransa na farko bai tambayi kowa ba, bai tambayi unguwa ba, kai tsaye ya shiga bayani, idonsa na kallon gefe.

"Ki ɗauka gidan haya ne, irin na su Zuwera maƙwabciyarmu," ya ce. "Ƙofa ɗaya, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. Mutane da yawa a duniya suka taru suka gina shi a cikin Linux, manhajar da ke tafiyar da ordinatar ɗin nan, domin duk irin waɗannan kile masu kama tele. Yadda za a yi magana da bakin USB, yadda za a kwaso hoto a kai allo, duk an gama, kowa da shi yake aiki. Abin da ya rage wa kowane kile shi ne ɗakinsa, 'yan layukan da za su ce ga lambata, ga abin da ke cikina, ga yadda ake tashina. Shi ake kira pilot. Namu ba shi da ɗaki, a waje yake kwana."

"To ka gina masa mana, Yaya."

"Na gina, Malama Tabarau. Amma akwai wani dattijo a Turai da ke tsaron ƙofar gidan, ba ya karɓar ɗakin da ba a taɓa kwana a ciki ba. Sai wani mai kilen a hannu ya gwada, ya ga hoto da idonsa, ya yarda a sa sunansa a ƙarƙashin aikin. Haka ake yi. Ni kuma telen ƙasar nan wata iri ce dabam, ko an kawo mini kilen, kurma ne a nan. Sai a Yamai. Sai ke."

Lidiya ba ta san komai a kan wannan ba. Ita ta littafi ce, mai tabarau, tana ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, kuma ko tambaya aka yi mata a aji sai ta sunkuyar da kai. Amma ta ce to, da sauri, kada ya sake shawara.

Haka Asabar ta zama tasu. Yakan aiko da abin da ya gyara, ita ta buɗe baƙar tagar nan mai fararen rubutu a kan allon, yana faɗa tana bugawa harafi-harafi.

"Tazara, Lidi, tazara! Kin cure kalmomin wuri ɗaya kamar tuwon jiya."

"Kai ne kake magana kamar ana korarka."

"Karanta mini layin ƙarshe."

Ta karanta, da Ingilishinta na lise mai tuntuɓe, shi kuma ya yi dariya har ya kife kai a tebur. Rabon da ta ji wannan dariya tun Baba na da rai.

Inna ba ta shiga maganar. Takan ɗauko kujerarta 'yar tsugunne ta ajiye a bakin ƙofa, rabin bayanta ga tebur, da faifan zogale a cinya, tana tsinka don kopto, kwaɗon da za su ci da dare. Zogalen da takan gama kafin ruwa ya tafasa, ranar Asabar sai ya kai ta har ƙarshen kira. In za su rabu Natanayel yakan ce, "To, a gaida Inna," da sauri, ya katse. Sai allon ya yi duhu, sannan Inna ta ce a hankali, tana duban faifanta, "Ina amsawa."

Aikin ya yi ta tafiya kamar yaro mai koyon tatata. Da farko ordinatar ta ƙi sanin kilen. Bayan nan ta san shi, har ta rubuta lambarsa, amma ɗan fitilarsa ya ƙi kamawa. Wata Asabar fitilar ta kama shuɗiya, suka yi ihu tare, sai ordinatar ta sandare gaba ɗaya, aka kashe ta da ƙarfi. Natanayel ya ce laifinsa ne, ya tashi wani ɓangare kafin wanda ya kamata ya fara tashi. Duk wani cikas sai ya ƙara musu mako, Lidiya kuma ta lura ba ta jin haushin cikas ɗin yadda ya kamata.

Wata Alhamis ta dawo daga lise ta tarar ya aiko da sabon gyara. Ta ce bari ta gwada ita kaɗai, don kada ta yi ta kuskure a gabansa. Ta buga umarnin neman tashoshi. Lambobi suka yi ta gudu, suka tsaya, sai ga sunayen tashoshi sun jeru. Ta taɓa na farko. Sai ga wata mata da ɗaurin kallabi kore tana karanta labarai da Zabarmanci, bayanta aka nuno gonakin shinkafa na Saga, ruwa na ƙyalli a tsakanin kunyoyi.

"Inna! Inna, zo ki gani!"

Inna ta fito daga madafa tana goge hannu. Ta tsaya a bayan Lidiya ta daɗe tana kallo.

"Shi ke nan ke nan? An gama?"

"An gama, Inna! Sai dai Yaya ya gani ran Asabar. Ba zan faɗa masa ba, so nake in ga fuskarsa."

"To madalla," Inna ta ce, ta koma madafa.

Asabar ta zo, Lidiya ta buga umarnin tana danne murmushi. Lambobin suka gudu har ƙarshe, ba tasha ko ɗaya. Ta sake. Babu. Ta rantse masa cewa ran Alhamis ta ga hoto, har da launin kallabin matar ta faɗa masa.

"Wannan ya fi muni," Natanayel ya ce, yana murza goshi. "Abin da ya ƙi gaba ɗaya ana gane ciwonsa. Wanda ya yi yau ya ƙi gobe shi ne mai kashe mutum."

Ya warware abin da ya ɗinka, ya sake ɗinkawa. Makonni suka shige, ba hoto. Dariyarsa ta ragu, ƙasan idonsa ya yi baƙi.

Zuwera ce ta tona abin, ba da saninta ba. Wata Juma'a da yamma Lidiya na zaune a tsakar gida tana bita, sai ga kan Zuwera ta saman katanga tana kwashe shanya.

"Fofo, sannu 'yar boko! Wai antenku faɗa ya yi da na unguwa? Duk unguwar Bukoki kowa ya dubi wuri ɗaya, naku ya juya ƙeya kamar an yi masa rowar shayi."

Lidiya ta ɗaga kai. Gaskiya ne. A kan rufin kwanukan unguwar, anten-anten sun miƙa hanci gefe guda kamar mutane a coci, nasu kaɗai ke kallon wani wuri. Ta zaga bayan ɗaki inda doguwar sandar ƙarfen take jingine da bango. Igiyar da ta riƙe ta ba ta saki ba, a ɗaure take tamau, da wani ɗauri lafiyayye mai kunne biyu. Iska ba ta ɗauri. Ta kwance, ta juya sandar har ta yi daidai da ta su Zuwera, ta koma ɗaki da gudu. Hoto ya fito tar.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Washegari da safe tana gyaran gado, ta hango Inna ta taga, da bokitin wanki a hannu. Inna ta ajiye bokitin, ta waiga dama da hagu, ta kwance igiyar, ta kama sandar da hannu biyu ta murɗa ta. Sannan ta mai da ɗaurin, irin wanda ta yi shekaru tana yi wa bandejin marasa lafiya, ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Lidiya ta wuni maganar na cikin bakinta. Ta shirya ta iri-iri a zuciya, kamar yadda takan shirya amsar jarrabawa, duk suka watse. Sai da inuwa ta kusa rariya, Inna ta ajiye kujerarta a bakin ƙofa, sannan ta iya cewa, murya can ƙasa:

"Inna, na gan ki da safe."

"Kin ga mi?"

"Sandar."

Inna ta tsinke ganye ɗaya, ta tsinke na biyu. Ba ta ɗago ba.

"In ya yi, ɗiyata, mi zai kira ya ce?"

Lidiya ta kawar da kai. Tambayar da take gudu ke nan tun ranar da fitilar ta kama shuɗiya. Ta tsaya da kilen a hannu, ba ta je bayan ɗaki ba, har portabul ya fara kuka.

Yau bai kira ta Malama Tabarau ba. Yana sanye da rigar sanyi, gemu ya tsiro masa ba tsari, bayansa taga ce fara fat da dusar ƙanƙara.

"Gwada," ya ce.

Ta gwada. Lambobin suka gudu, suka ƙare a wofi. A ƙasan allon akwai wani layi mai nuna ƙarfin abin da anten ke kamawa, yana kwance a kan sifiri.

Natanayel ya kawar da ido daga allon.

"Dattijon nan ya rubuto mini," ya ce daga baya. "Ya kusa rufe karɓar aiki na wannan zagaye. Ya ce ya karanta layukana bai ga aibu ba, gwaji kawai yake jira. Ni ma na karanta, Lidi, na karanta har na haddace. Ban san inda na ɓata ba." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Abu ɗaya na ce zan yi wa Baba. Ɗan ƙaramin abu. Ban zo na ɗauki gawarsa ba, wannan ma na kasa."

"Yaya..."

"A bar shi. Na cinye miki Asabar ɗinki a banza, ga jarrabawa na tafe. Ki mai da shi gwangwani."

Lidiya ta dubi bakin ƙofa, inda Inna ke zaune. In ta faɗi gaskiya ta tona Inna, in ta yi shiru ya katse, kuma wannan karon ba za a sake Asabar ba. Ta ƙura wa haruffan ido har suka fara narkewa a cikin tabarau ɗinta.

Sai ta ji an ajiye faifai a ƙasa. Takalmin roba ya ja siminti, ya zaga bayan ɗaki. Jim kaɗan ƙarfe ya yi ƙara a jikin bango, ƙiii, layin nan na ƙasan allo ya ɗaga kai daga sifiri.

"Tsaya," Natanayel ya ce, ya matso har hancinsa ya cika portabul. "Lidi, juya ni ga allon sosai. Yana motsi! Wa ke taɓa anten?"

Daga bayan taga muryar Inna ta taso, da ƙarfi, irin wadda take kiran su da ita cin abinci suna yara:

"Dama ko hagu?"

Lidiya tana jin numfashinsa a cikin portabul.

"Ce mata hagu kaɗan," ya ce a hankali.

Lidiya ba ta taɓa yi wa yayanta gardama ta gaske ba. Ta ƙure ƙarar portabul ɗin, ta ja teburin kusa da taga.

"Muryata ba ta kai can. Faɗa mata da kanka."

Layin ya sauka, ya hau, ya sake sauka.

"Inna," ya ce. Muryar ta karye, ya gyara ta. "Inna, hagu kaɗan."

"Hagunka ko haguna? Ni ban san inda ka dosa ba a can ƙasar taku."

"Wajen gidan su Zuwera."

"To ka ce haka mana."

Ƙarfe ya sake kuka. Layin ya miƙe.

"Ƙara. Ƙara kaɗan. Kin wuce, Inna, dawo!"

"Kai, sandar nan ta fi ni nauyi, kana ta ba ni oda kamar likitan da ya zo jiya!"

"A hankali. Nan! Tsaya nan, kada ki motsa! Lidi, buga!"

Ta buga, ba kuskure ko ɗaya. Tashoshin suka jeru, ta taɓa ta farko. Wani dattijo ne da hula ya karkace, a tsaye cikin rumbun kara, yana bayani da Hausar Tawa yadda ake ajiye albasa kada ta ruɓe. Ya ɗaga wata ƙatuwa ja yana jujjuya ta a gaban kamera. Natanayel ya kalle shi kamar bai taɓa ganin albasa ba. Ya sa hannu ya rufe baki, kafaɗunsa na motsi, Lidiya ta kawar da ido ta bar shi da dattijon.

Da ya samu murya, ya sa ta kwafi layukan da baƙar tagar ta nuna ta aika masa, ya ce ta sauya tasha, ta dawo, ta cire kilen ta mayar. Duk ya yi.

"Zan rubuta sunanki a ƙasa, cewa ke kika gwada," ya ce. "Lidiya Elisha. Nawa a sama, Natanayel Elisha." Ya ɗan tsaya. "Sunan Baba zai shiga gidan sau biyu."

"In saki ko in riƙe?" Inna ta kira daga waje. "Hannuna ya mutu."

Lidiya ta ɗauki portabul ta fita. Inna na tsaye a bayan ɗaki ta rungume sandar, kallabinta ya zame, igiyar na ƙasa cikin ƙasa mai laima. Lidiya ta ɗora mata portabul a hannu ɗaya, ta durƙusa ta ɗauki igiyar ta fara ɗaurewa, ta ba su baya.

Uwa da ɗa suka dubi juna. Inna ta nisantar da allon, ta matso da shi, kamar tana duba ma'aunin zafin jiki.

"Ka rame," ta ce. "Gemun nan kuma na mi ne?"

"Sanyi ne, Inna."

"Kana cin abinci?"

"Ina ci."

"Ƙarya kake."

Ya yi dariya, hawaye na bin gemun. Can ya ce, "Inna, igiyar nan da Lidi ke ɗaurewa, yaushe ta kwance?"

"Ni na kwance ta," Inna ta ce, ba ta ƙifta ido ba. "Ni kuma na ɗaure."

Lidiya ta tsaya da igiya a hannu. Ta ji motar haya ta wuce a titi, ta ji Zuwera na faɗa da wani a kan famfo, ta ji dattijon albasa na ci gaba da bayaninsa shi kaɗai a cikin ɗaki.

"Asabar mai zuwa babu abin gwadawa," Natanayel ya ce.

"Na sani."

Ya dubi gefe, ya sosa ƙeya, kamar yadda yakan yi in Baba ya tsare shi da tambaya.

"Sai dai damina ta kusa. Iskar hadari za ta riƙa taɓa sandar. Ya kamata in riƙa kira ina jin ko hoton na nan."

"Awo, haka ne," Inna ta ce. "Iskar Bukoki ba ta da hankali."

Lidiya ta ja igiyar ta ƙulle, ɗaurin bai yi kyau ba, amma ya riƙe. Inna ta saki sandar, ta juya bokitin wanki ta zauna a kai, ta gyara riƙon portabul da hannu biyu.

"To, faɗa mini," ta ce. "Mi kuke ci a can?"